Safar Hannun da Aka Miƙa wa Maƙeri

Ƙanena yana da wani ɗaki a ƙarƙashin gidansa na Manassas, can a wajen birnin Washington, wanda ba a shiga da abinci, ba a shiga da ruwa, ba a shiga da yara. Da yana da iko, da numfashi ma sai mutum ya ajiye shi a bakin ƙofa. A nan yake tara sulallansa. Ba irin sulallan da ake sayen gishiri da su nake nufi ba. Wasu tsoffin kuɗi ne na azurfa da na tagulla, baƙi-baƙi, wasu duk gefensu ya cinye, waɗanda aka buga sama da shekara dubu biyu da suka wuce a wajajen da yau ake kira Pakistan da Afghanistan. Injiniya ne, kuma da wannan sunan kowa yake kiransa, har ni da na goya shi na share masa majina. Idan ka manta ba ka kira shi haka ba, sai ya sha mur yini guda.

Tarihin mutanen da suka yi waɗannan kuɗin kuwa, na haddace shi ba da son raina ba. Babu suna, babu walima, babu buɗa-baki da Injiniya zai zauna bai jawo maganar ba. Wai wata ƙabila ce ana ce mata Saka, makiyaya mahaya dawaki daga filayen tsakiyar Asiya. Wasu makiyayan da suka fi su ƙarfi suka koro su, suka yi ta gangarowa kudu har suka faɗo ƙasar Gandhara, inda suka tarar da sarakunan Girkawa suna mulki, suka ture su suka zauna. Turawa suna ce musu Indo-Scythian, kuma in Injiniya zai faɗi kalmar sai ya lumshe ido, sai ka ce zuma aka ɗiga masa a baki. Da suka ci gari ba su kori masu buga kuɗin ba, sai suka ce a ci gaba, amma a cire kan sarkin Girka a sa nasu sarkin bisa doki. Gefe ɗaya rubutun Girkanci, ɗaya gefen rubutun mutanen ƙasar, wanda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar ajami. Har akwai wata rigima da masana suka daɗe suna yi: wai akwai sarkin da a wasu sulallan yake riƙe da mashi, a wasu kuma bulala, to shin mutum ɗaya ne ko biyu ne masu suna ɗaya? Na taɓa ganin ƙanena ya bar tuwo ya huce yana musu a waya a kan wannan mashi da bulala. Mutumin da in ka tambaye shi sunan kakan kakanmu sai ya hau soshe-soshen ƙeya.

Ba mantuwa ce ta sa ba. Mu maƙera ne. Maƙeran fari, wato masu aikin azurfa da tagulla, a cikin birnin Zariya. Babanmu maƙeri, babansa maƙeri, nasa uban ma haka. Da ƙarar guduma muka yi wayo. Mata su kawo tsoffin sulalla da fataka a ƙulle a bakin zane, Baba ya narka su ya fitar da mundaye da zobba da 'yan kunne, mu kuma muna zaune muna karɓa-karɓar zuga-zugi. Da wannan gudumar aka biya wa Injiniya kuɗin makaranta har ya haye jirgi. Amma tun da ya zo ƙasar nan, in an tambaye shi sana'ar mahaifinsa sai ya ce ɗan kasuwar kayan ado ne. Ka ji fa! Ɗan kasuwar kayan ado. Sau biyu ina gyara masa a gaban mutane, sau biyu yana yin wata uku bai kira ni ba. Oho dai. Ni bakina ba ya ajiye magana, kowa ya sani.

Shekarar da idon Baba ya yi tsanani muka kawo shi. Ni nas ce, ina zaune a Greenbelt a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bene na biyu, don haka a wurina ya sauka, duk da gidan Injiniya ya ci nawa sau biyar. Dalilinsa wai asibitin ya fi kusa da ni. Na yi ta jan Baba a jirgin ƙasa, daga ƙarshen layinmu har cikin Washington, yana riƙe da kafaɗata, muna sauka muna hawa. Likitoci uku suka duba shi, duk bakinsu ɗaya: hawan jinin ido ya riga ya cinye jijiyar, babu abin da aiki zai dawo da shi. Ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Da na fassara masa, sai ya ce, “To, Uwata, ai an gode Allah, na ga abin da na gani.” Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ni ce na yi kukan a jirgi, shi yana ba ni haƙuri.

Saura mako biyu ya koma gida na tambaye shi ko akwai inda yake so in kai shi. Na lissafa masa gidan shugaban ƙasa, da kogi, da babban masallaci. Ya yi dariya ya ce me makaho zai je yi a gidan shugaban ƙasa. Sai ya gyara zama ya ce, “Abu ɗaya ne. Na ji an ce ɗan'uwanki yana ajiye azurfar mutanen da, bugun hannu, tun kafin Annabi Isa. Ina so in riƙe ɗaya. Shekara hamsin ina narka kuɗin da inji ya buga, ban taɓa jin wanda mutum ya buga da guduma ba. In na ji shi a hannuna, shi ke nan, sai in tafi.”

Wallahi har na ji daɗi. Na ce yau ga abin da zai haɗa uba da ɗa. Na kira Injiniya, ya ce mu zo ran Lahadi.

Muka ci abinci, muka yi azahar, sannan ya jagorance mu zuwa ɗakin ƙasan, ni ina ƙirga wa Baba matakala. Aka zaunar da shi a kujera. Maimakon a ba shi abin da ya zo dominsa, sai aka buɗe masa karatu. Saka, Gandhara, birnin Taxila, mashi, bulala, sarkin sarakuna wane ɗan wane. Baba yana ta “to”, “ikon Allah”, “madalla”, tafin hannunsa na dama a buɗe a kan gwiwa yana jira. Ni ina kallon hannun nan. Kaurara ne yatsunsa, duk tabon wuta, faratan sun yi kauri sun lanƙwashe. Sai da aka kusa rabin awa sannan Injiniya ya ɗauko wani abu ya ɗora masa.

Baba ya juya shi, ya shafa gaba, ya shafa baya, ya bi gefe da farce. Ya ce, “Wannan ai roba ce.”

Roba ce kuwa. Wata 'yar akwati ce garai-garai, an liƙe ta ruf, sulen yana can ciki kamar gawa a makara. Injiniya ya ce ai haka ake adana masu daraja, ba a buɗewa. Na ce masa, “To ga wasu can a faranti a buɗe, ba shi ɗaya mana.” Ya kalle ni, ya kalli hannun Baba. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da farar safar hannu ta auduga, ya ce, “Baba, sa wannan tukuna.”

Ban yarda da kunnena ba. Na ce, “Me ka ce?”

Ya ce, “Yaya, ƙa'ida ce. Hannun mutum yana da gumi da gishiri da maiƙo, yana ɓata azurfa.”

Azurfa fa! Yana koya wa Baba abin da ke ɓata azurfa. Na buɗe baki zan yi masa tatas, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya karɓi safar ya yi ta kokawa da ita, don yatsunsa sun fi ƙarfinta, har ɗinkin babban yatsa ya ɗan ɓarke. Aka ɗora masa sulen. Ya juya shi sau ɗaya, sau biyu. Me zai ji? Mutumin da yatsunsa ne kaɗai idon da ya rage masa, an rufe masa su da auduga. Ya miƙa wa ɗansa ya ce, “Madalla. Allah ya yi albarka.” Ya cire safar, ya ninke ta, ya ajiye a kan tebur.

A hanyar komawa muka faɗa cunkoson Beltway, babban titin da ya zagaye Washington, motoci ko motsi ba sa yi. Baba yana zaune a gefena. Ina satar kallonsa na ga yana goga yatsunsa a jikin babbar rigarsa, ya goga, ya kai hanci, ya sake gogawa. Can ya ce, a hankali, “Uwata, hannuna yana wari ne?”

Na sha jin maganganu masu zafi a rayuwata, na kuma mayar da waɗanda suka fi su. Amma ba a taɓa faɗa mini abin da ya ƙona ni kamar wannan ba. Na ce, “Baba, hannunka ya fi gidansa tsabta da duk abin da ke ciki.” Ya ce in bar yaro, kowace sana'a da dokarta, shi ma a maƙerarsa ba ya bari a tsallake masa awartaki. Wannan kare shi da ya yi shi ya ƙara tunzura ni.

Washegari ina fitowa daga aiki, tun a wurin ajiye motoci na kira Injiniya. Ban bar masa komai ba. Na tuna masa wandon makarantarsa da wa ya saya, da kuma da wane hannu. Shi kuwa ya dage a kan ƙa'ida ce, ƙa'ida ba ta san uba ba, ko shugaban ƙasa ne ya zo sai ya sa safa. Ya ce matsalata ban san darajar tarihi ba. Daga ƙarshe, don ya kashe maganar, ya ce in kawo Baba ran Asabar su yi sallama da jikoki, amma sai bayan la'asar, don da rana yana da baƙi, abokansa masu tara sulalla za su zo ganin wasu sababbi da ya samu. Ya maimaita “bayan la'asar” har sau uku. Na ce na ji.

Ƙarfe goma sha biyu na rana muna ƙofar gidansa. Na sa Baba ya saka farar shaddarsa da hula, na fesa masa turare. Matar Injiniya ce ta buɗe, baiwar Allah ba ruwanta, ta durƙusa ta gaida surukinta, ta kalle ni ta gane da abin da na zo, ta kauce mana. Ban tsaya a falo ba, kai tsaye na ja Baba muka gangara.

Su huɗu ne a zagaye da tebur, da fitila da madubin ƙara girma. Injiniya na tsaye da farar safarsa har wuyan hannu yana zuba Turanci. Yana ganinmu ya yi tsuru-tsuru. Amma ba fuskarsa ce ta ɗauki hankalina ba. A kan kujerar da aka zaunar da Baba ran Lahadi akwai wata tsohuwar Baturiya, siririya, gashi fari fat, wadda daga baya na ji malamar jami'a ce da ta yi ritaya, kuma duk cikinsu ita ce babba a sanin waɗannan kuɗin. Tana riƙe da sule tsakanin yatsu biyu tana juya shi a gaban fitila. Hannunta tsirara. Babu safa, babu auduga, babu komai. Ga ma ɓurɓushin biskit a gefen rigarta.

Na ce da Hausa, da ƙarfi, “Injiniya, ita wannan ba ta gumi ne?”

Ya ce, “Yaya, don Allah, ba yanzu ba.”

Sai na juya na tambayi matar da Turanci, cikin ladabi, ko ba a sa safa in za a taɓa. Ta yi dariya ta ce ita sam ba ta sawa, safa santsi take sa wa, sai abu ya kuɓuce ya faɗi. Ta ce waɗannan sulallan sun yi shekara dubu biyu a cikin ƙasa, sun bi ta hannun 'yan kasuwa da sojoji, hannu mai tsabta ba zai yi musu komai ba. Ta ce ta sha faɗa wa mai gidan, amma shi yana son safarsa. Tirƙashi! Ashe ƙa'idar da ba ta san uba ba ta san Baturiya.

Ban ƙara neman izinin kowa ba. Na jawo kujera na zaunar da Baba, na miƙa hannu cikin farantin na ɗauko wanda ya fi girma, mai faɗin tsohuwar fataka, na buɗe tafin hannunsa na saka masa. Injiniya ya yi wani ƙaramin ƙara a maƙogwaro, amma a gaban baƙi bai iya hana ni ba.

Baba ya rufe hannu a kansa tukuna, ya jinjina shi. Ya bi gefen da babban yatsa a hankali har ya zagayo. Ya murza shi ya kai hanci. Ya ɗora shi a kan yatsa ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa, ya karkata kunne. Fuskarsa ta koma irin wadda na sani ina yarinya, lokacin da mace za ta kawo munduwa tana rantsuwa azurfa ce zalla.

Ya ce, “An yi mata haɗi. Jan ƙarfe ya yi yawa a ciki. Ko dai sarkin nan ya fara tsiyacewa, ko kuma an ce wa maƙerin ya ja azurfar ta isa.”

Na fassara. Baturiyar ta ajiye nata sulen ta matso da kujera. Ta ce haka ne, na ƙarshen zamanin sarkin duk azurfarsu ta ragu.

Baba bai san ma tana yi ba. Ya sa farce yana bin dokin. Ya ce, “Sau biyu ya buga. Na farko hatimin ya goce, ji ƙafar dokin nan biyu-biyu. Kuma hatimin nasa ya tsage, ga tsagar ta fito kamar zare daga wutsiya zuwa baki. Ya san ya tsage, bai canja ba. Sauri ake sa shi, akwai mai tsaye a kansa.” Ya yi 'yar dariya. “Allah sarki. Na san wannan tsayuwar.”

Sannan ya koma kan rubutun, ya daɗe a nan, yana juya gaba da baya. Ya ce, “Wannan gefen, wanda ya sassaƙa hatimin ya san abin da yake rubutawa, kowane layi tafiya ɗaya ya yi masa. Amma wannan gefen na wajen doki, kwaikwayo yake yi. Yana yi yana tsayawa yana duba na wani. Bai iya karanta shi ba. Haka nake yi in an kawo mini sunan boko a ce in zana a zobe.”

Da na juya wannan zuwa Turanci, matar ta dafe ƙirji. Ta ce gefen dokin shi ne Girkanci, kuma a sulallan wannan lokacin haruffan duk a hargitse suke, don masu sassaƙar 'yan ƙasa ne, Girkancin ya riga ya mutu a bakinsu. Ta ce ita da madubi da littattafai ta koyi wannan. Ta juya wajen Injiniya ta ce, wane ne wannan bawan Allah, me ya sa bai taɓa kawo shi ba?

Ya ce mahaifinsa ne. Ya ƙara da cewa a da yana harkar kayan ado.

Na ce, “Maƙeri ne. Ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Mu duka nan 'ya'yan maƙera ne, har da mai safar.”

Suka yi ta yi wa Baba tambayoyi ina fassarawa, da zafi ake bugawa ko da sanyi, wace irin guduma, mutum nawa ke aikin. Ya amsa abin da ya sani, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Sai shi ma ya yi tasa tambayar, ya juya inda yake jin numfashin ɗansa ya ce, “Ka faɗa mini sunan sarkin rannan. Shi maƙerin fa, ya sunansa?” Injiniya ya ce ba a sani ba, ba a rubuta sunayensu. Baba ya gyaɗa kai ya ce, “Haka ne. Ba a rubutawa.” Ya sake murza sulen sau ɗaya, ya yi wa maƙerin addu'ar da ta zo bakinsa, ya miƙa wa ɗansa da hannu biyu.

Bayan baƙi sun tafi muka yi la'asar a falo, jikoki suka kewaye Baba. Sai na tuna na bar jakata a ƙasa. Na sauka ba takalmi, ƙafata ba ta ƙara a kan kafet. Ina kai rabin matakala wani wari ya doke ni, irin na ruwan da mata ke goge jan farce da shi. Na leƙa. Injiniya ne a tsaye a bakin famfo, ya ba ni baya. Ya kama sulen nan da ɗan hantsaki na roba, ya tsoma shi a wani ƙaramin kofi, yana kaɗawa. Ya ciro, ya ɗauraye, ya sake tsomawa. Ya ɗaga shi a fitila yana dubawa ko akwai sauran shatin yatsa. Wanda Baturiyar ta riƙe yana nan a faranti inda ta ajiye shi, ko kallonsa bai yi ba.

Ni da ba a taɓa sanina da haɗiye magana ba, rannan na haɗiye. Ina jiyo muryar Baba daga sama yana yi wa jikoki dariya, irin dariyar da rabona da ji tun kafin idonsa ya tafi. In na buɗe baki a nan sai unguwar ta ji, shi ma sai ya ji. Na juya na hau a hankali, na aiki matar gidan ta ɗauko mini jakar.

A mota Baba bai yi shiru ba ko na minti ɗaya. Maƙerin nan yake ta yi mini hira a kai kamar wani abokinsa na ƙuruciya, yadda zai zauna, yadda zai riƙe hatimi, irin faɗan da zai sha in sarki ya ga ƙafar doki biyu-biyu. Ya ce, “Yaron nan yana da kayan kirki, Uwata. Ashe jinin bai bar shi ba, ta wata hanya ya ɓullo masa.” Na ce haka ne, Baba. Ƙarya na yi masa, kuma ban yi nadama ba.

Ya koma Zariya, bai cika shekara ba Allah ya karɓi abinsa. Ba mu samu jana'iza ba, an binne shi kafin mu ma mu nemi tikiti. Sai muka shirya addu'a a nan, a gidan Injiniya, don shi ne mai faɗi. Mutane suka cika, daga Maryland, daga Virginia, har da Baturiyar nan ta zo da ɗankwali a kanta. Ina rabon abinci ina jin ƙanena a falo yana faɗa wa mutane cewa mahaifinsa babban maƙerin azurfa ne, gwani, gadon gidansu ne tun kaka da kakanni, har wata malamar jami'a ta sara masa. Maƙeri! Kalmar da ta fi shekara ashirin ba ta fito daga bakinsa ba, yau ga ta tana fita da alfahari, tun da an buga mata hatimi a inda yake jin tsoro. Na yi tsaki har wata ta tambaye ni ko na ƙone ne.

Da aka shafa fatiha mutane suka fara raguwa, sai ya zo kicin ya ce, “Yaya, zo ki ga wani abu.” Na bi shi ƙasa. Ya ware wa sulen nan wuri shi kaɗai, a kan wani jan ƙyalle, da hoton Baba a jingine a bayansa. Ya ɗauke shi da hannunsa, ba safa. Ya rufe tafinsa a kai kamar yadda Baba ya yi, ya kai shi hanci. Idonsa ya kawo ruwa, kuma na yarda kukan gaskiya ne, ba na burga ba.

Ya ce, “Wannan ne Baba ya riƙe. Duk abin da ke ɗakin nan zan iya rabuwa da shi, ban da wannan. In na riƙe shi sai in ji kamar hannunsa na riƙe.”

Na so in yi shiru a karo na biyu. Na dubi hoton, na tuna mutumin nan a cikin mota yana shinshinar yatsunsa yana tambayata ko suna wari. Yanzu kuma babu wanda ke sama yana dariya da zan ji tsoron ya ji.

Na ce, “Babu hannun Baba a jikinsa, Injiniya. Ina tsaye a kan matakalar can lokacin da ka wanke shi. Sau biyu ka tsoma.”

Ya buɗe hannun yana kallon sulen, ya juya gaba, ya juya baya, ya matsa kusa da fitila, kamar zai samu wani ɗan wuri da ruwan bai kai ba. Na san ba zai samu ba, don ƙanena in ya yi aiki ba ya barin saura. Na hau sama na ci gaba da juye sauran shinkafa a robobi, ina jira in ji sanyi a raina, ban ji ba.